Hular Takarda a Zaman Makoki

Ina tashar bas ta cikin gari, na taso daga aiki, safar hannu ɗaya a bakina ina laluben katin mota, sai wayata ta yi ƙara. Matar ƙanena ce daga Ostireliya, da bidiyo. Baturiya ce. Ta haura shekara goma a gidansa amma har yau Amarya nake ce mata, ita kuma tana ce mini Yaya, don abin da ta ji yana kirana ke nan. A nan Greensboro ta Amurka rana na shirin faɗuwa, sanyi na shiga ta ƙasan zane. A bayanta kuwa hantsi ne tar, tana sanye da riga marar hannu.

Ta ce, "Yaya, ki samu wuri ki zauna."

Na ce ta faɗa kawai, a tsaye nake.

Ta ce ƙanena ya fita ban ruwan ciyawa da sassafe, ya faɗi, zuciya ce. Na yi ta maimaita innalillahi har bas ɗina ya zo ya wuce. Abin da ya fara zo mini, don kai ba ya kawo abin kirki a irin wannan lokaci, shi ne su can gari ya riga ya waye musu. Ƙanena ya rasu a ranar da ni ban kai ba tukuna.

Mutanen masallacinsu suka yi masa sutura. Ban je ba. Tafiyar ta fi kwana guda a sama, kuma ba a ajiye gawa tana jiran biza. Saura 'yan kwanaki Kirsimeti.

Ni na san Kirsimetin mutanen can fiye da yadda nake so, don duk shekara sai ya kira ni da bidiyo ya zaga da ni bayan gidan surukansa. A watan Disamba su bazara suke, zafi irin na watan Afrilu a Kano. Amma da yake kakanninsu daga ƙasar sanyi suka ɗauko bikin, ba su yarda an canja musu komai ba. Sai su liƙa auduga a taga a ce dusar ƙanƙara ce, fanka tana kaɗa ta. Su kunna waƙoƙin sanyi suna sharce gumi. Wani maƙwabcinsu yakan sa jar rigar Baba Kirsimeti da gemun roba daga sama, daga ƙasa gajeren wando da silifas, ya zo yana haki yana raba wa yara alewar da ta narke.

Abincin kuma kusan duk daga firij. Jatan lande mai sanyi a kan ƙanƙara, wanda tsohon, wato surukin ƙanena, ke bin layi tun asuba ya sayo. Naman alade mai sanyi, da suke turawa can ƙarshen tebur saboda ƙanena. Mangwaro, da wani farin kek na ƙwai da sukari wanda da ka taɓa shi sai ya rushe. Kafin a ci, mutum biyu su kama wani ɗan ƙunshi su ja, ya fashe, hular takarda ta faɗo, kowa ya ɗora a ka. Mutum da furfurarsa, da jikokinsa. Gumi ya jiƙa takardar, launin ya zubo masa a goshi. In an ƙoshi a fita tsakar rana ana dukan ƙwallo da faskare, ana korar ƙuda da hannu.

Nakan ce masa, "Kai yanzu a gidanmu wa ya taɓa cin kifi mai sanyi ranar biki? Talauci ne ko lalaci?"

Ya ce, "Yaya, ke da kike daskarewa a Amurka har kin samu bakin magana? Nuna mini hancinki."

Shi aikinsa a wannan rana gashi ne. Surukinsa ya saya masa murhu nasa daban wanda alade bai taɓa hawa ba, shi kuma ya mayar da kansa mai tsiren gidan. Sau ɗaya na aika masa yaji da kilishi, aka ƙwace a filin jirgi, don ƙasar ba ta yarda ko ƙwayar gero ta shiga. Daga nan ya koma yin ƙuli-ƙulinsa da kansa, yana daka yajinsa. Turawa suna ci suna hawaye suna miƙo faranti.

Na yi zaman makoki a ɗan gidan da nake haya a Glenwood. Mutane sun zo, Allah ya saka musu. Ranar addu'ar uku falon ya cika da mata, takalma da rigunan sanyi sun tare ƙofa. Akwai wata babbar Hajiya 'yar Kano da ke zaune can McLeansville, wadda ba a fara komai sai ta iso. Akwai wata Anti 'yar Maraɗi mai kitso. Bayan an shafa fatiha aka shiga abin da aka saba.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya sa dai ya cika da imani. Kin san zama cikin mutanen nan."

Na ce, "Amin, Hajiya."

Ta ce, "An ce har bikinsu yake yi musu."

Na ce nama yake gasawa.

Ban ce mata na gan ta bara a Elm Street tana ɗaukar jikokinta hoto a gindin bishiyar Kirsimeti mai fitilu ba. Ban ce rabin matan falon sun riga sun shirya wadda za ta tuƙa su kanti washegarin Kirsimeti in an karya farashi ba. Da yawansu ba su taɓa ganin ƙanena ba, amma kowacce ta san inda imaninsa ya tsaya.

Muna idar da magariba wayata ta yi ƙara. Amarya ce, da bidiyo. Na manta cewa su can Kirsimeti ta riga ta shiga. Na ɗauka, na kuma yi kuskuren barin murya a buɗe.

Ba su fasa ba. Teburin yana nan, audugar tana nan a taga. Mutum kwana uku a ƙasa, su kuma ga jatan landensu a kan ƙanƙara. Raina ya ɓaci, na ji kunya a gaban mata. Sai ga tsohon, surukinsa, ya cika wayar da jar fuskarsa, koriyar hular takarda a ka, ƙirji a waje. Ta'aziyya ya zo yi mini. Ya cire hular ya riƙe a ƙirji kamar ta gaske ce, ya ce, "Ɗana ne." Ya miƙa wa Amarya wayar ya juya baya.

Hajiya ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Ko riga babu."

Amarya ta ce sun so su fasa, yarinyar ce ta ƙi. 'Yar ƙanena ke nan, ita kaɗai ya bari, ba ta kai shiga sakandare ba. Hausarta ba ta wuce Gwaggo da sannu da zo nan ba. Aka juya wayar, na gan ta tsaye gaban murhun ubanta, ta jera nama a tsinke yadda yake yi, ga wani kwano a hannunta babu komai ciki. Yajin ya ƙare. Da ma uban ya ce zai daka sabo kafin bikin.

Ta ce da Turanci, "Gwaggo, me ake sawa?"

Na daɗe ina kallonta. Goshin ubanta ne, da yadda yake tura leɓe in abu ya gagare shi. In ba ta hanyata ba, yarinyar nan ba ta da wata ƙofa zuwa gidanmu. Uwarta mutuniyar kirki ce, amma ba ta san komai namu ba sai abin da ya faɗa mata.

Na ce, "Ki samo citta busasshiya, da barkono."

Kafin in rufe baki Hajiya ta ce, "Da kanumfari. Ki ce mata kaɗan, yana da ƙarfi."

Antin Maraɗi ta matso ta ce, "A sa kimba."

"Kimba a yajin tsire? Sai dai a Nijar."

"To ku Kanawa me kuka sani ban da zuba magi?"

"Ina za ta ga kimba a ƙasar da ko kilishi ba ya shiga? Ke ma dai."

Sai ga Hajiya ta karɓe wayar daga hannuna, ta kafa tabarau, tana ɗaga murya kamar nisan ne ke hana yarinyar ji. "Ke 'yar nan! Tafarnuwa! Me ake ce mata ne da Turanci?" Mata uku suka amsa lokaci guda. Yarinyar tana gudu kicin tana dawowa da kwalabe tana nuna mana, muna cewa a'a, wancan, na bayansa. Tsohon ya dawo ya tsaya a gefe, ya mayar da hularsa, yana riƙe mata lema. Wadda ɗazu take shakkar imanin mamaci ita ce yanzu take rantsuwa da Allah cewa in aka cika gishiri an ɓata naman biki.

Muka zo kan babban abu. Babu ƙuli-ƙuli. Yarinyar ta ɗauko kwalbar gyaɗar shafa wa burodi ta ce ko wannan zai yi. Falon gaba ɗaya ya ɗauki salati. Na karɓi wayata na fara yi mata bayani: a soya gyaɗa, a murje ɓawon, a niƙa, sannan a riƙa ɗiga ruwan ɗumi ana juyawa har mai ya fito, a matse. Ina cikin nuna mata da hannuna hoton ya tsaya, ya ɗauke. Daga baya Amarya ta ce wayar ce ta yi zafi a rana ta kashe kanta. Ranar sun ci naman da gishiri da citta. Wai kowa ya ce ya yi daɗi. Turawa ba sa faɗin gaskiya a kan abinci.

Matan suka watse ana ta Allah ya jiƙansa. A bakin ƙofa Hajiya tana neman takalminta ta ce, "Yarinyar tana da hankali. Kada ki bar musu ita." Na ce to.

Tun daga nan yarinyar takan kira ni ranar Lahadinsu, wato Asabar ɗina. Ta iya soya gyaɗar, ta iya murjewa. A wajen matsewa muke tsayawa kullum. Ko ta cika ruwa ya zama kunu, ko ta gaji kafin man ya fito. Na nuna mata a waya har na rasa yadda zan ƙara nunawa, don abu ne da sai an ɗora hannu a kan hannu. Amarya ta ce in zo Kirsimeti mai zuwa, akwai ɗaki, tsohon ma ya ce zai sa riga. Na ce in Allah ya yarda. Ban ce ba zan je ba. Ban dai san yadda zan tsaya a bayan gidan nan in kalli murhun ba.

Har yanzu ba ta iya fitar da man ba, ni kuma ban nemi bizar ba.