Ƙwaya Ɗaya a Tulun Mairama

A Gwaram in ka ce kana neman Mairama, sai a tambaye ka wacce. In ka ce mai kitso, ko ɗan yaye zai nuna maka gidan da kurna ta leƙo ta katangarsa. Ƙanwar kakata ce, mu Inna muke ce mata. Abin da zan faɗa daga bakinta na ji yawancinsa, sauran kuma daga waɗanda aka yi a gabansu.

A Maruta aka haife ta, a hannun kakarta Dada ta tashi. Dada ce ta damƙa mata kibiyar kitso tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Tsohuwar ba ta da yawan magana, jikar kuwa tambaya ce abincinta. Me ya sa gashin matan rugage ya fi santsi? Me ya sa amarya take kuka alhali ita ta ce tana so? Da abin ya ishi Dada sai ta ce mata, "Tambayi abin da kika ga dama. Amma abin da kunnenki ya ɗauka a gidan mutane, ajiye musu shi a zaure kafin ki fito. Mai kitso ba ta da gona sai ƙofofin mutane."

Aure ya kai ta Birnin Kudu, gidan wani baduku mai suna Ɗan'azumi. A can siyasar neman mulkin kai ta same ta. Ta ga maza sun rabu biyu, wa da ƙane sun daina cin tuwo a kwano ɗaya, maƙwabci ya ƙi zuwa sunan maƙwabcinsa. Ita kuwa da safe tana gidan waɗannan, da la'asar tana gidan waɗancan, kan kowace mace ya kwanta a cinyarta. A lokacin mata ba su da ƙuri'a a nan Arewa. Ta ce mini abin da ya riƙa cin ranta ke nan: da za a tambayi matan nan, me za su ce? Ba wanda ya tambaye su, ita ma ba ta tambaya ba, don ba ta ga abin da za ta yi da amsar ba.

Bayan yaƙin basasa Ɗan'azumi ya rasu, ta dawo Gwaram kusa da danginta. Sai ga kuɗin mai ya shigo ƙasa. Rediyo ya shiga ɗakunan mata, babura suka cika hanyar kasuwa, man kanti ya fara ture man shanu. Kitso ma ya sake, 'yan mata suka raina doka, sai shuku da kalaba. Mairama ta koyi kowanne. Ba gidan da ake tambayarta wurin wa ta zo.

Shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki, aka kafa jam'iyyu biyar, aka kuma ce wannan karon har mata za su zaɓi shugaban ƙasa. A unguwarsu biyu ne ke da ƙarfi. Akwai mai alamar gida da masara, wadda Alhaji Badaru mai sayar da hatsi yake jagoranta. Akwai mai alamar mabuɗi, wadda Malam Iliyasu tela ya manna takardunta har a jikin kekensa na ɗinki. Su biyun taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, don haka tsiyarsu ta girmi siyasa.

Akwai wata malamar firamare, Malama Justina, mutuniyar kudancin Zariya, wadda Mairama take yi wa kitso. Wata rana tana zaune a gabanta ta ce wani malaminsu na jami'a yana binciken jin ra'ayin jama'a, wato a san tun kafin zaɓe jam'iyyar da mutane suka fi so da shugaban da ya fi kwanta musu. Samari sun tambayi maza a kasuwa. Ita aka ba ta mata, ga shi ta rasa yadda za ta yi.

"Duk wadda na tambaya, Inna, sai ta ce sai abin da maigida ya ce. Wata kuwa ta buɗe baki za ta faɗi sunan wanda take so, sai ta rufe fuska da mayafi. Ashe sunansa ɗaya da ɗan farinta."

Mairama ta tsayar da kibiya. Tambayar da ta yi shekara da shekaru tana riƙe da ita ce ta zo har gabanta ta zauna.

"Ai ba da baki ake tambayar mace irin wannan ba, Malama. Bar mini."

Ita ta ƙirƙiro dabarar da kanta. Ta samo ɗan tulu, ta ɗaure bakinsa da tsumma, ta tsaga 'yar kafa a tsakiya. Kowace jam'iyya aka ba ta ƙwayarta: masara ga masu masara, wake ga masu mabuɗi, gyaɗa da gujiya da ƙwallon tsamiya ga sauran ukun. Mace za ta ɗauki tulun ta shiga ɗakinta ita kaɗai, ta jefa ƙwaya ɗaya ta wanda take so, ta fito. Ba suna, ba shaida.

Malama Justina ta ce, "To mu sayi ƙwayoyin, ki riƙa miƙa musu."

"In na miƙa ai zan ga wadda aka ɗauka. Wane gida ne babu wake da masara? Kowa ta sa nata."

Haka ta fara yawo, kayan kitso a hannu, tulu a ka. A kowane gida sai ta yi alkawari: ba mijin da zai san abin da matarsa ta sa, ita kanta ba za ta leƙa ba. Matan suka yi ta dariya, suna karɓa suna shiga ɗaki. Tana lura wasu suna daɗewa. Kafin kasuwa ta zagayo tulun ya fara danne mata wuya, in ta girgiza shi ba ya ko kacau-kacau. Ta gane ba ƙwaya ɗai-ɗai ake zubawa ba. Ta sake yi wa wata bayani, matar ta ce, "Haba Inna, ƙwaya ɗaya sai ka ce tsuntsu ya zo?" Mairama ba ta iya cewa an ba ta da yawa ba, don wannan ba maganar da ake faɗa wa mai gida ba ce. Ta ce a ranta ko da tafi ake zubawa, ai irin da ya fi yawa zai nuna kansa.

Sai magana ta fita. A wurin masu shayi aka ce Mairama tana tara wa gwamnati sunayen mata. A tashar mota aka ce a'a, masu mabuɗi ne suka saye ta. A shagon Malam Iliyasu kuwa aka ce Badaru ne ya aiko ta. Wata safiya ta yi sallama a gidan Alhaji Badaru, gidan da ta yi wa kowace amarya a cikinsa kitson aure, sai ta tarar da shi zaune a zaure ya miƙe ƙafa ya tare hanya.

"Yau ba kitso, Inna."

"Hajiya Kubra ce ta aiko."

"Ta fasa."

Ta wuce gidan gaba, nan ma haka. A gidan Iliyasu ma aka ce mata ba sa nan, alhali tana jin dakansu. Ta ce mini tun da Dada ta ba ta kibiya ba a taɓa mayar da ita daga zaure ba sai ranar. Ta koma gida ta zauna ƙarƙashin kurna tana kallon tulun.

Badaru ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce a zazzage tulun a gaban jama'a. Mairama ta ce a zazzage mana, ai ba sunan kowa a ciki. Sai Badaru ya yi murmushi.

"Ba suna? Inna, lokacin shuka ne fa. Abin da ya rage a ɗakunan mata iri ne. Wa ke da jan wake mai farin ido a unguwar nan in ba ni ba? Wa ke da 'yar ƙanƙanuwar masarar nan mai ruwan ɗorawa in ba gidan tela ba? Ni dai in na ga wakena a ciki, na san akwai mai mabuɗi a gidana."

Nan ne Mairama ta gane kuskurenta. Ita ba manomiya ba ce, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa kowane manomi ya san irinsa kamar yadda ita ta san kan kowace mace ba. Ta yi wa mata alkawari, ga shi ƙwaya za ta tona su. In haka ta faru, ko maza sun buɗe ƙofa, matan ba za su sake kwantar da kai a cinyarta ba. Ta roƙi mai unguwa a bar ta ta juye shi a rijiya maras ruwa. Ya ce in aka yi haka zargin ba zai mutu ba. Malama Justina ta zo ta ce aikin nata ne, ita za a tuhuma, ta kuma yi bayanin binciken tun daga farko. Aka saurare ta da ladabi, aka ce duk da haka a zazzage.

Bayan sallar la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa. Mairama ta kwance tsumman da hannunta, ta kifa tulun.

Abin da ya fara faɗowa curin daddawa ne. Sai ƙullin gishiri. Sai hatsi ya biyo baya, wake da masara da gyaɗa da gujiya da tsamiya a cakuɗe, da barkono, da guntun kanwa, da busasshiyar kuɓewa, har da gero da dawa waɗanda ba na kowace jam'iyya ba ne.

Malam Iliyasu ya riga kowa tsugunawa. Ya tsinto jan wake cike da tafinsa, ya ɗaga sama.

"Alhaji, barka da shigowa! Ashe gidanka duk namu ne, kai kaɗai ka rage a waje."

"Tona dai, ɗan tela. Wannan farar masarar mai manyan haƙora ta wa ce? Tawa ce. Ga gyaɗata ma." Badaru ya dakata, ya sake dubawa. "Har gujiyata."

"To gidanka jam'iyya nawa ke nan?"

"Kai ka bar gidana. Wannan 'yar masarar mai kama da haƙoran ɓera fa? Ba taka ba ce? Matarka ta bi masu arziki, ta gaji da cin alkawari."

"Ga wakena nan kusa da ita, makaho!"

Wani tsoho ya ɗauki daddawar ya shinshina, ya ce shi dai wannan jam'iyyar zai bi, don ita kaɗai ya ji ƙamshinta. Dariya ta kece. Aka yi ta tonawa, kowa na gane irinsa, kuma duk wanda ya ga wakensa sai ya ga masararsa a gefe. Ba gidan da ya fito da abu iri ɗaya. Mace ta shiga ɗaki da tulun baƙuwa, a ƙarshen bazara, ta san mai tulun ba ta da miji ba ta da gona. Ina za ta jefa ƙwaya ɗaya ta fito ta dubi idonta? Sai ta ɗebo daga kowace ƙwarya. Haka dai mai unguwa ya fassara abin, ya ce wannan ba siyasa ba ce, cefane ne, a mayar wa Inna kayanta.

Malama Justina ta yi dariya har da hawaye. Ta ce za ta gaya wa malaminta gaskiya, cewa an tambayi matan unguwar, sun kuma amsa da kayan miya. Mairama ita ba ta yi dariya ba. Ta ce mini ta ji sanyi a ranta, amma kuma ta ji kamar wanda ya haƙa rijiya ya kai ga dutse.

Washegari da hantsi aka aiko daga gidan Alhaji Badaru. Ba kowa a zaure. Hajiya Kubra, uwargidansa, ta riga ta tsefe kanta tana jira. Mairama ta zauna, ta tsaga gashi, ta yi layi biyu. A na uku ta kasa haƙuri.

"Hajiya, tsakanina da ke. Da ƙwaya ɗaya ce tilas, wacce za ki sa?"

"Daddawar ta yi daɗi kuwa? Ni na sa ta."

"Ba ita na tambaya ba."

"Na sani. Sassauta hannu, Inna, kina ja."

Ranar zaɓe Mairama ta ga layin mata ya zagaye makarantar firamare, kowace da katinta a ƙulle a gefen zane. Ta bi layin da ido, kusan duk kan da ke wurin ita ta kitsa shi. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suka fito, ba wadda fuskarta ta nuna komai.

Tulun yana nan a gindin kurna, ruwan sha take zubawa a ciki. Har yau tana shiga kowane gida a unguwar. Na taɓa tambayarta ko ta yarda da fassarar mai unguwa. Ta goge kibiya da gefen zane. Ta ce wani lokaci takan yarda. Wani lokaci kuma takan tuna cewa matan nan su ke ajiye iri, su ke tsince shi, sun fi mazansu sanin na wane gida ne wane, kuma a makon da ta fara yawo da tulu an yi wani suna a unguwar wanda duk suka haɗu a ɗaki ɗaya, ita tana tsakar gida tana yi wa mai jego kitso. Wa ya san ko a nan suka ƙulla su cakuɗa komai don kada a gane su?

"To wanne ne, Inna?"

"Da na sani ai da na huta," in ji ta. Ta ɗauki mayafinta, don an aiko daga gidan tela.