Iya Saude, wadda ta koya min saƙar faifai

Ina tsaye a kicin da safen nan ina haɗa wa 'yata Amira shayi, sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Muryar namiji ce. Ya ce, "Dakta ce? Ɗan Iya Saude ne, daga Ɗankaza. Allah Ya yi wa Iya rasuwa bayan sallar asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ku yi haƙuri da ni in ya yi tsawo.

Da yawanku ba ku san ta ba. Waɗanda muka yi aiki tare a sashenmu na jami'a a nan Wudil za su tuna ta: 'yar gajeruwar dattijuwar nan mai shuɗin hijabi, wadda take riga kowa zuwa. Ita ce mai share mana ofisoshi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. Na yi shekaru ina ce mata "Ina kwana, Iya" ina tafiya, ban taɓa tsayawa na ji amsar ta ƙare ba. Ban san garinsu ba. Ban san ko tana da 'ya'ya ba.

Sai Allah Ya karɓi mijina, Abban Amira, a hatsarin mota a hanyar Kano.

A nan Wudil na yi takaba saboda makarantar Amira, lokacin tana 'yar shekara tara. 'Yan'uwana sun zo daga Gombe sun zauna da ni iya yadda za su iya, amma kowa da nasa gidan. Da suka koma, gidan ya yi tsit.

Ban san yadda zan kwatanta muku watan da ya biyo baya ba. Ba kuka nake yi ba. Zama kawai nake yi. In idar da salla in ci gaba da zama a kan darduma har wata sallar ta riske ni. Abinci sai maƙwabciyata ta aiko. Waya a kashe. Duk wanda ya zo ya ce in yi haƙuri, in gyaɗa kai, ya tafi.

Amira takan dawo daga makaranta ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina da jakarta a baya. Ta kalle ni, in kalle ta, ta juya. Wata rana na ji tana tambayar maƙwabciyarmu ko Mama ma mutuwa za ta yi. Na ji da kunnena, amma na kasa tashi.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Iya Saude ce, ta hawo acaɓa tun daga Ɗankaza, da wani tsohon buhu a hannunta.

Ta yi min ta'aziyya a taƙaice. Ba wa'azi, ba dogon labari. Sai ta jawo tabarma ta shimfiɗa a tsakar ɗakina, ta zazzage buhun: kaba, busasshiyar ciyawa, da basilla guda biyu. Ta miƙe ƙafa ta fara saƙar faifai kamar a gidanta take.

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata, wannan baiwar Allah ba ta ga halin da nake ciki ba ne?

Ta fi awa ɗaya tana saƙarta. Can ta miƙo min abin ta ce, "Dakta, riƙe min nan, babban yatsana ya gaji."

Na riƙe. Ta ce in soka basillar a nan. Na soka. Ta ce in zagayo da kabar in ja. Na ja. Ba ta sake karɓa ba har aka kira azahar.

Daga baya ta gaya min yatsanta lafiyarsa ƙalau.

Da za ta tafi ta bar min komai, ta ce, "Layi uku kafin Asabar mai zuwa. Zan duba."

Ni da nake ba ɗalibai aikin gida, ga ni an ba ni. Kuma na yi. Ba don ina so ba, kunyarta na ji. Tsohuwa ta taso daga ƙauye saboda ni, in ce mata ban yi layi uku ba?

Faifaina na farko ya fito a karkace, gefe ɗaya ya tashi sama, ɗayan ya lanƙwashe. Ta ɗaga shi tana juyawa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Dakta, wannan kam kunnen jaki kika saƙa mana."

Dariya ta ƙwace min.

Amira ta shigo da gudu daga tsakar gida, tana duba wace baƙuwa ce ta yi dariya a ɗakin. Da ta ga ni ce, sai ta zo ta zauna a jikina. Rabon da ta zauna a jikina tun ranar rasuwar.

Daga nan Asabar ta zama ta Iya. Ruwa ko rana, sai ta zo.

Na yi ta tunanin abin da saƙar nan ta yi min, har yau ban gama ganewa ba. Baƙin cikin bai tafi ba. Amma in kana soka basilla dole ka kalli inda kake sokawa, in ba haka ba yatsanka zai gaya maka. Na minti goma, na minti ashirin, tunanin da yake zagaye kaina yakan tsaya. Kuma da yamma akwai abin da zan kalla in ce wannan da safe babu shi, ni na yi shi. A lokacin da nake ganin an ƙwace min komai, wannan ɗan abin ba ƙarami ba ne.

Ranar da muka rina kaba da galura, hannuwana suka yi ja har kusan sati. Ta tambaye ni me ya sa wani launin yake kama kaba wani kuma ya zube. Kimiyyar sinadarai nake koyarwa, sai na shiga yi mata bayani kamar ina aji. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, ashe karatun naku yana da rana."

Na taɓa tambayarta yadda aka yi ta san abin da nake buƙata. Ta ƙarasa layin da take saƙawa. Sannan ta ce tana da ƙuruciya ƙyanda ta ɗauke mata 'ya'ya biyu a sati ɗaya. Ta daina magana, har aka fara cewa ta taɓu. Uwar mijinta ce ta zo ta danƙa mata basilla.

Ta ce, "A irin wannan lokaci zuciya ba ta jin magana, 'yar nan. Sai ki ba hannu aiki. Shi zai lallaɓa ya jawo ta."

Ranar ce ta fara ce min 'yar nan.

Kuma kada wani ya ɗauka cewa ta yi saƙa maganin komai ce. Ita ce ta lura ba na samun barci, ina ta ramewa. Ta ce, "Abin da faifai zai yi ya yi. Saura na likita. Kina da ilimi, kada ki ji kunya." Saboda ita na je asibiti na yi bayanin halin da nake ciki, aka taimaka min.

Da na koma aiki, a ofis Dakta take ce min, har da ɗan rusunawa, duk yadda na hana ta. Amma in babu kowa a baranda sai ta jingine tsintsiya ta ce in fito da aikina ta gani. Ta bi layukan da yatsa ta ce, "Nan kin ja da ƙarfi. Wa ya ɓata miki rai ranar?" Kuma ba ta taɓa kuskure ba. Ranar mitin ɗin sashe ce.

Takan zo min da zogale a ƙulle a leda, wani lokacin gyaɗa ko kuɓewa daga gonar ɗanta. Ta ajiye a kan teburina kafin na iso. Ba ta taɓa cewa ita ce ba.

Bara ta ajiye aiki saboda idonta.

Ganina da ita na ƙarshe, wata ɗaya da rabi ke nan. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, motocin shanu sun cushe hanya, sai da na yi kamar in juya. Na gode wa Allah da ban juya ba.

Na same ta a gindin darbejiyar gidansu tana saƙa da lalube. Yanar ido ta rufe mata gani sosai. Saƙar tana nan sumul yadda na san ta, amma launukan sun cakuɗe, ja a inda kore ya kamata. Ta sani. Ta ce, "Zo ki ware min su. Ja a dama, kore a hagu, farar a gabana."

Na zauna na ware mata. Muka yi hira har la'asar. Ta tambayi Amira, ta tambayi kowa na ofis ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda na tabbata ba su taɓa sanin sunanta ba.

Na miƙa mata wanda na gama saƙawa a satin. Ba ta iya ganinsa, sai ta shafa shi tun daga tsakiya har baki. Ta ce, "Hannunki ya kwanta, 'yar nan. Yanzu ba ni da abin dubawa."

Na ce mata da zarar na gama makin jarrabawa zan zo in kai ta asibitin ido a Kano, an ce aikin ba shi da wuya. Ta ce, "In kin gama. Ba gaggawa."

Na gama makin sati biyu da suka wuce. Na ce Asabar. Asabar ta zo na ce ta gaba.

Wannan ne yake ci na tun safe. Na san kwananta ne ya ƙare, zazzaɓin kwana uku kawai ta yi. Amma ita ba ta taɓa ce min Asabar ta gaba ba.

Ɗazu na dawo daga Ɗankaza. Na isa an riga an kai ta. Na zauna cikin mata, sai wata da ke gefena ta dube ni ta ce, "Ke ce ta jami'a? Ke ma ɗalibarta ce?"

Na ce, "Ni ma?"

Ita daga Achika take. Ɗanta ne ya nutse a kogi, Iya ta yi watanni tana zuwa wajenta. Ta nuna min wata daga Dagumawa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, Iya ta koya mata saƙa da hannu ɗaya tana danne faifan da gwiwa. Ta nuna min wata, ta kuma nuna min wata. Mu biyar muka haɗu a kan tabarma ɗaya, kuma kafin yau kowacce a cikinmu ta ɗauka ita kaɗai ce.

Ɗanta ya ce su dai abin da suka sani, in ta ɗauki hijabi ta ce za ta je zumunci, ba ta faɗin gidan wa.

In akwai wanda kuka sani ya shige ɗaki ya daina magana, ku je. Ba sai kun iya lafazi ba. Ku tafi da abin da hannu zai riƙe, ko zare da kwarashi, ko ɗinkin hula, ko 'yar shuka a gwangwani. Ku zauna kusa da shi. Kuma ku koma.

Ina roƙonku, duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. In kun yi sujada yau ku ambaci Saude ta Ɗankaza.

Allah Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka haskaka idanunta da ganin Aljanna. Ka ba iyalanta haƙuri, Ka yafe min jinkirina.

Ya Allah, baiwarKa ba ta bar mu mu kaɗai a ɗaki ba. Kada Ka bar ta ita kaɗai a kabari.

Amin.