Wadda Ta Yanke Min Cibiya

Ƙamshin kilishi a gadar Ngueli jiya ya tuno min da Kawu, mahaucin unguwarmu Mardjandafak.

Lokacin yaƙin basasa na shigo gida da bindiga, ina kumfar baki wai 'yan kudu maƙiyan ƙasa ne. Sai na tarar ya ɓoye ungozomarmu, 'yar kudu, a ɗakinsa.

Ya tare ƙofa, hannunsa duk yaji. "Wace ƙasa, ɗana? Ita ta yanke maka cibiya. Ajiye ƙarfen nan, ɗauki kayanta."

Na ajiye. Muka lulluɓa mata mayafi, muka ratsa shingen binciken abokaina mayaƙa har bakin kwale-kwalen da ke tsallaka iyaka zuwa Kusseri.

Ta rayu, ta ga jikoki, ni kuma ban taɓa zubar da jinin kowa ba. Kawu, kai kaɗai na sani da ya ci wannan yaƙi. Allah Ya haskaka kabarinka.