Lasisin Medhat

Medhat Sirag ɗan unguwarmu ne, Muharram Bek, nan Iskandariyya. Ubansa mai gyaran firji ne, shi kuwa tun yana saurayi ba ya son aikin da zai ɓata masa hannu. Da ya dawo daga Kuwait da ɗan abin da ya tara, sai ya shiga sayen tsofaffin gidaje, ya shafa musu fenti ya sayar.

Duk gidan da ya saya, Baba Fikri ne ya nemo masa. Tsohon dillali ne, kujerarsa na bakin gidan shayin Zaki, da damin makullai rataye a ƙugu. Shi yake shiga da Medhat gidajen mutane yana cewa, "Ɗana ne wannan, ku sayar masa." Amma duk ranar biyan la'ada sai Medhat ya ɓata rai kamar an yi masa mutuwa.

Can sai muka daina ganinsa. Ashe zarya yake yi zuwa Alƙahira neman lasisin dillanci. Ya kuwa samu. Ya sa takardar a gilashi, ya buɗe ofis daura da gidan shayin, sannan ya tsallako titi cikin sabuwar kwat.

"Baba Fikri, ina takardarka?"

"Wace takarda, ɗana?"

"Ta dillanci mana. Ko haka kawai kake cin kuɗin mutane?"

Aka kwashe da dariya, an ɗauka tsokana ce. Fikri ma ya dara, ya ce a kawo wa Medhat shayi, yana kiransa Basha, wato mai girma.

Ba tsokana ba ce. Medhat ya riƙa bin masu gidaje yana gaya musu duk cinikin da marar lasisi ya ƙulla, ranar rigima kotu ba ta san da shi ba. Gaskiya ne ko ƙarya, ba wanda ya bincika. Makullai suka riƙa barin ƙugun tsoho suna komawa ofis. Kafin sanyi ya wuce, maganin hawan jinin matarsa Nawal ya gagari Fikri.

Wannan karon shi ya tsallaka titi. Ina ofishin a lokacin, na je kan maganar hayar shagona.

"Basha, ko ɗan aiki ne ka taimaka mini da shi."

Medhat bai ce masa ya zauna ba. "Me ka iya ban da surutu?"

"Na san gidajen."

"To, ka riƙa raka masu dubawa. Ƙofa kawai za ka buɗe, ban da baki."

Gidajen ƙasa ya bar wa sauran ma'aikatansa. Fikri kuwa kullum sai can ƙololuwar bene, a tsofaffin gine-ginen da sai da ƙafa ake hawa. In ya sauko yana haki, sai Medhat ya ce, "Ka rufe tagar kicin kuwa?" Sai ya juya ya sake hawa. Masu zaman gidan shayi suna gani, suna buga dominonsu. Rabinsu a gidajen Medhat suke haya.

Cikin azumi Fikri ya yanke jiki ya faɗi matacce a matattakala, a gaban wani saurayi da budurwarsa da suka zo duba gidan aure. Da aka kira Medhat a waya, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ɗauki makullin.

Ya zo zaman makoki, ya zauna a sahun gaba. Mai karatu na tsagaitawa, ya nemi a kai shi wurin Nawal.

"Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, gidan nan ai ya yi miki girma ke kaɗai. Ina da mai saye."

Ta dube shi. Tana fita takaba ta sayar, ta koma wurin 'yarta a Amriyya.

Yanzu Medhat ofisoshinsa uku, ya aje tumbi. Bara ya aurar da 'yarsa a wani babban otal na bakin teku. Duk unguwa aka je, aka ci aka sha, aka yi layin ɗaukar hoto da shi.