Dutsen Niƙan Goggo a Ɗakin Alhaji Rabo

Ranar Laraba ta ƙarshe a watan Rajab na bana, 1979, wani mai saro hatsi daga Ƙanƙara ya tare ni a ƙofar masaƙar da nake aiki a Kaduna, ya ce Alhaji Rabo Nata'ala direba ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, har an kai shi makwancinsa. Na yi salati. Mu na Allah ne, gare Shi za mu koma. Amma Alhaji, ka bar ni da nauyin da ban san inda zan sauke shi ba.

Tun da kuɗin fetur suka ja mutane birni, babbar motarka mai bodin katako ce ta kwashe gidajenmu, daga Pauwa, daga Ruwan Godiya, har ƙauyukan Sabuwa. Ba ka taɓa yanke kuɗi ba ka ga gida ba. Sai ka shiga ɗaki ɗaki, ka jinjina turmi, ka leƙa rumbu, ka tambayi ko da awaki za a tafi. Kaduna da Ikko ba ɗaya ba ne a wurinka, damina da rani ma haka, don ka san abin da laka take yi wa mota. In bene za a hau da kaya, ka ɗan ƙara. In ka faɗi kuɗin aka yi tsaki, sai ka yi dariya ka ce, "Na dawowa na ciki. Wanda na kai, ni ke maido shi."

Kana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Ba ka yarda a kwashe gida ƙaf. Dole a bar abu ɗaya, ka ajiye shi a ɗakin da ke jikin zaurenka, wai don mai shi ya san bai gama da garinsu ba.

Ranar da ka zo 'Yargoje ɗaukarmu, Goggo Barakatu, ƙanwar mahaifina da ta rene ni, ta zauna a kan dutsen niƙanta ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta shiga mota. Na yi lallashi har na gaji. Kai ka durƙusa a gabanta ka ce, "Goggo, dutsen ga amana ne wurina. Ran da birni ya ishe ki, ki aiko mani. Da ke da shi zan sauke ƙofar ɗakinki." A kan wannan magana ta miƙe. A gaban mota ka zaunar da ita, kana ba ta goro har Kaduna.

Birni bai karɓe ta ba. Idonta ya mutu a ɗakin haya, ba ta da mai hira sai rediyo. Abin da take roƙo ɗaya ne, a binne ta kusa da mijinta a 'Yargoje. Bana ta aika maka, ka aiko cewa bayan kaka kana tafe. Tun ranar ta ƙulle kayanta a zane, da su take matashin kai.

Da na je gaisuwa, ɗanka Sha'ibu ya buɗe mini ɗakin. Wayyo Alhaji! Turame, tukwane, sirdi, gadon kara, garma, sun cika shi har rufi. Na tambayi maiɗakinka Hajiya Suwaibatu mutum nawa suka dawo karɓar nasu. Ta ce, "Ko ɗaya, Abdulkarim. Ko ɗaya." Za a sayar da motar don rabon gado, ɗakin kuma ana bukatarsa, kowa ya zo ya ɗauki abinsa. Ban ga laifinsu ba.

Na ƙarasa 'Yargoje. Rufin ɗakin Goggo ya rufta, tumfafiya ta fito a inda gadonta yake. Maƙwabtanmu duk suna Kano ko Ikko. Ko da wani direban zai kai ta, wurin wa zai sauke ta?

Na koma ɗakinka na ɗauko dutsen. Da hannuna na kwashe gidanmu ƙaf, abin da ka hana. Yana ɗakin maƙwabcina a ɓoye, don in ta shafa shi za ta gane. Jiya ta ji ƙugin babbar mota a titi, ta ɗaga kai ta ce, "An fara yankan gero ne?" Na ce da saura.

Allah Ya jiƙanka, Alhaji, Ya gafarta maka, Ya sauke ka lafiya kamar yadda ka sauke bayinSa. Allah Ya ba Hajiya Suwaibatu da Sha'ibu da sauran iyali haƙuri. Ni kuma, Allah Ya ba ni bakin da zan gaya wa Goggo ta kwance ƙunshinta.