Garba Hannu-a-Aljihu

Duk wanda ya zauna a layinmu na kasuwar Gusau ya san Malam Garba mai gyaran rediyo ba ya aiki da hannu biyu. Na hagu yana cikin aljihu, na dama yana riƙe da wayar mita, wato na'urar auna wutar lantarki. Ni ne telan da ke jikin shagonsa, don haka a gabana aka yi komai.

Da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya haɗa bakin jar waya da baƙa, ya murɗa wani ɗan maɓalli har allurar mita ta tsaya daidai kan sifili.

"Malam Garba, ina kwana?"

"Dakata, allura ba ta tashi ba tukun."

Idan zai auna wuta kuwa, daga lamba mafi girma yake farawa, ya riƙa saukowa. Haka yake ciniki ma. Wata rana mai kaji daga Bungudu ya ce masa zakara ɗari biyu, sai ya ce, "Madalla, ka fara daidai. To, murɗo ƙasa." Kai, Garba!

Matsalar ta taso lokacin da ɗansa Sani ya nemi auren 'yar Alhaji Mamman, wani dillalin hatsi a Tsafe. Ni aka sa a gaba wajen neman. Labari ya riga mu isa cewa uban yaro mai girman kai ne, yana magana da manya hannu a aljihu. Alhaji ya ce sai ya gani da idonsa, in haka ne a bar maganar.

Na tsara wa Garba abin da zai yi. Na farko, ya miƙe. Na biyu, ya fito da hannun. Na uku, ya gaisa da hannu biyu.

"Na ji," in ji shi.

Ranar Asabar sai ga Alhaji da talabijin ɗinsa da ta lalace, wai gyara ya kawo. Garba ya miƙe, ya gaisa da hannu biyu. Na ce alhamdu lillahi. Yana buɗe bayan talabijin, hannun hagun ya koma gidansa. Fuskar Alhaji ta canza. Na yi tari, na sake yin tari.

"Tela, ka sha magani mana," in ji Garba.

Alhaji ya sunkuyo ya miƙa yatsa cikin talabijin. "Wanga abu na ga kamar ya ƙone."

Tas! Garba ya make masa hannu. Surukin da muke lallaɓawa! Na ce a raina shi ke nan, Sani ya nemi wata.

"Ni ka buga?" in ji Alhaji. "Ba a ma jona ta da wuta ba!"

"Alhaji, mi kake sawa a rumbu?"

"Gero."

"In damina ta wuce, geron yana wucewa?"

Ya nuna masa wani abu kamar ƙaramin gwangwani, ya ce shi ne rumbun wuta. Ya kai mita babbar lamba, ya maƙala baƙar waya, ya taɓa da ja. Allura ta zabura ta haye sama.

"In wuta ta shiga ta hannu ɗaya, ga ɗayan a kan ƙarfe, ta ƙirji take bi," in ji shi. "Ni kuwa zuciya guda gare ni."

Alhaji ya dubi allura, ya dubi yatsansa. A hankali ya zura hannuwansa duka biyu cikin aljihun babbar riga, bai fito da su ba har aka gama gyara. Da zai tafi ya ce da ni, "Ku turo magabata. Amma ranar ɗaurin aure ku zaunar da shi nesa da ni."

Sani yana da 'ya'ya da ita yanzu, babbansu ya ci sunan Garba. Shagon kuma wani mai sayar da takalma ne a ciki, amma har yau in na ɗaga kai daga keke can nake fara dubawa.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.