Ankon da Ya Kusa Fasa Auren Ƙanwata

Malam Edita, bayan gaisuwa mai yawa. A shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, ni tela ne a wani ɗan shago kusa da Gobarau. Ina da keken ɗinki ɗaya mai ƙafa, da almakashi biyu, da girman kai wanda zai ishi teloli goma su raba har su rage. Karatuna aji huɗu ne na elemantare, amma a unguwarmu a lokacin wannan ya isa a kawo maka wasiƙa ka karanta, ya kuma isa ka saƙala biro a aljihun gaba ko da babu tawada a ciki. Na taɓa yin wata bakwai a Ikko ina koyon yanka, na dawo da tsofaffin mujallu masu hotunan amare da kalmomin Turanci kamar ashirin da nake juyawa gwargwadon bukata. Tun daga nan na naɗa kaina shugaban hukumar kwalliya ta birnin Katsina da kewaye, ba tare da an yi zaɓe ba.

A wannan shekara aka sa ranar auren autarmu. Mahaifinmu ya rasu tun tana ƙarama, ni na riƙe gidan, don haka ƙanwa ce a suna amma ɗiya ce a wajena. Yaron da zai aure ta malamin makaranta ne, mai kunya, shekara biyu yana zuwa ƙofar gidanmu yana gaishe ni har ƙasa, ita kuma in aka ambace shi a tsakar gida sai miya ta ƙone. Ubansa wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar hatsi a Kambarawa, mutum mai kyauta, amma siyasa ta shige mashi jini. Yaran yanzu ba za su gane zafin siyasar wancan lokaci ba. An yi wa da ƙane da suka daina cin tuwo a kwano ɗaya, an yi wanda ya canza masallaci saboda ra'ayin liman, an yi auren da ya mutu a kan tuta. Alhaji kuwa ya rantse a gaban jama'a cewa alamar ɗaya jam'iyyar ba za ta shiga gidansa ba ko a jikin kwalin ashana ne. Ba zan faɗi jam'iyyar ba, ba zan faɗi alamar ba, don har yanzu akwai masu rai. Mu ɗauka tsani ne ja a kan ruwan ɗorawa.

Kowa ya san shirya biki aikin mata ne, kuma a gidanmu aikin gwaggonmu ne, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta aurar da 'yan mata sun fi ashirin ba a taɓa jin ko cokali ya ɓata ba. Ni kuwa sai na sayi sabon littafin rubutu, na ja layi da rula, na rubuta tsarin biki tun daga sa lalle har buɗar kai, na tara mata na karanta masu kamar mai sanar da kasafin ƙasa. Na ce wannan karon za a yi abin da ake kira anko, wato dangi da ƙawaye duk su sa atamfa iri ɗaya, yadda na gani a Kudu. A lokacin abin bai yaɗu a unguwarmu ba. Gwaggo ta tambaya ko 'yan makaranta za mu aurar da za a sa wa mutane yunifom. Na amsa mata da Turanci guda biyu daga cikin ashirin ɗina, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce to Allah ya ba Bature sa'a. Sannan na kafa doka cewa babu wanda zai ga atamfar sai ranar sawa, don kada telolin gari su sace mani fasaha.

Ni kaɗai na tafi Kano na zaɓo ta. Wata atamfa ce ruwan ɗorawa mai jajayen ganye ƙanana, sun sarƙe da juna gwanin sha'awa. Na tuna mai shagon ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, yana cewa irinmu ake bukata a ƙasar nan, ya ce in gaida jama'armu ta Katsina. Na ɗauka ya yaba da idona ne. Mako uku na rufe shago ina ɗinki, na sa labule a taga. Kuma ga inda gaskiyar take, Malam Edita: tela ba ya ganin tufa daga nesa. Tsakanin idonsa da allura taƙi ɗaya ne. Na san kowane ganye a jikin atamfar nan, zan iya zana shi ido rufe, amma ban taɓa shimfiɗa ta na ja da baya ko taku uku ba. Na ɗinka wa mata talatin, na ɗinka wa amarya tata ta musamman, mai kumburarren hannu da tattara a ƙugu, irin ta hoton mujallar da take ɗauka a ɓoye tana kallo. Sau biyu Gwaggo tana aikowa in ba ta ƙyalle ta gani, sau biyu ina cewa doka doka ce.

Ɗaurin aure Asabar ne, jere kuwa Laraba, ranar da mata za su ɗauki kwanoni da tasoshi su kai gidan Alhaji su shirya ɗakin amarya, don a gidan ubansa yaron zai zauna. Da safe na raba anko. Gwaggo ta karɓi nata ta jujjuya, ta ce kalar nan ba ta kwanta mata ba amma ta rasa dalili, ta ajiye, ta sa tsohon zanenta ta yi gaba don ta tari kaya a can. Sauran matan kuwa, na tsaya a lungunmu mai ƙunci na jera su bibbiyu, dogaye a baya, na ce kada wadda ta fita daga layi, su bi babban titi ba lunguna ba, don gari ya ga aiki. Na koma shago ina ƙarasa bakin rigar amarya ina fito.

Abin da ya faru a hanya, daga baya na ji shi daga bakuna da yawa. Suna fitowa fili, rana ta haska su, ashe ganyayen nan in aka tsaya daga nesa haɗuwa suke yi su zama tsani, ja a kan ruwan ɗorawa, ɗaya a bayan kowace mace, ɗaya a gaba. Hanyar kuma ta bi ta ƙofar ofishin masu tsanin. Mutanen da ke zaune a benci suka miƙe, suka ɗauka reshen mata ne ya fito gangami ba a gaya masu ba. Aka ɗauko tuta, masu kalangu suka shiga gaba, wani ya ɗauko lasifika. Matan baya sun gane abin da ke jikin na gaba, amma ga kaya a ka, ga dokar layi, ga kunya. Haka aka raka su da kiɗa da kirarin jam'iyya har ƙofar gidan Alhaji, yana zaune a kan dardumarsa da manyan baƙi na jam'iyyarsa.

Kafin azahar kwanoni sun dawo gidanmu yadda suka tafi, ko murfi ba a buɗe ba. Tare da su aka zo da saƙon Alhaji: ya ce ya ga abin da muka aiko mashi, ya gode, a dakata da maganar Asabar sai ya yi tunani. Duk wanda ya san manya ya san irin wannan tunani ba ya ƙarewa. Mahaifiyarmu ta shiga ɗaki ta ɗauki carbi ta juya mani baya, abin da ya fi zagi ciwo. Ƙanwata kuwa tana cikin lalle, hannuwanta da ƙafafunta a ɗaure, ko hawayenta ba ta iya sharewa, sai ƙawarta ke goge mata da gefen mayafi. Ta tambaye ni da ƙaramar murya, tana kirana Yaya kamar kullum, ko akwai laifin da ta yi mani. Na riƙa lissafa abin da zai biyo baya: a ce an fasa aurenta ana saura kwana uku, da lalle a hannu, a garin da ba a mantuwa. Amma ku ji taurin kai irin nawa, har a lokacin ban yarda ba. Na ɗauki ƙyalle na kai shi kusa da hanci, na ce wa kowa ga shi nan ganye ne, sharri ne kawai na telolin da ke baƙin ciki da ni.

Ranar Alhamis da hantsi na naɗe zane ɗaya a hammata na tafi Kambarawa, bakina na maimaita jawabin kare kai. Alhaji ya bar ni a tsugune muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar jiya, wadda na san ba gajiya yake nufi ba. Na shimfiɗa mashi zanen a gwiwa, na nuna ganye ɗaya ɗaya da biro, na rantse ban san wani tsani ba, ni ko katin zaɓe ban san inda na ajiye ba. Ya miƙe da kansa ya rataya zanen a bangon zaure, ya ce in tsaya a gaban zanen in riƙa ja da baya sannu sannu har sai na kai bakin ƙofa. Taku na farko ganye. Taku na huɗu ganyen suka fara kama hannun juna. A taku na bakwai na ga tsani, tsaye, da matakansa cif, kamar in taka in hau. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, hulata ta faɗi gefe. Alhaji ya dube ni ya ce shekara talatin yana ciniki, ya san fuskar maƙaryaci, wannan ba ita ba ce. Ya ce ya zaci abokin gaba ne ya yi mashi haka, ashe wawa ne, kuma da wawa ana iya haɗa zuri'a. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Amma ya kafa sharaɗi: rantsuwarsa tana nan, ko zare ɗaya mai wannan alama ba zai ƙetare zaurensa ba. Na dawo gida na faɗa, ga mata talatin da suka ba da zuciya ga sabon kaya, ga kwana biyu kacal. A nan Gwaggo ta karɓi mulki ba tare da an harba bindiga ba. Ta sa aka tattaro ankon nan kaf, har da rigar amarya, ta ɗora mani ƙullin a ka, ta sa ni gaba muka bi ta tsakiyar gari har marina. Marina suka tsoma su cikin ruwan baba, wato shuni, suka fitar, suka sake tsomawa, ina tsaye ina kallon aikin mako uku yana komawa baƙi-baƙi. Gwaggo ba ta yarda ba sai da aka shanya ɗaya a kan katanga ta sa ni na ja da baya taku goma, a gaban mutane, ta tambaye ni da ƙarfi ko Bature yana ganin wani abu.

An ɗaura aure ranar Asabar. Sai dai sabon rini bai gama kama jiki ba, ga zafi, ga rawa. Kafin la'asar duk macen da ta zo bikin wuyanta da damatsanta sun yi shuɗi, har jariran da aka goya. Shekaru da yawa ana kiran bikin nan bikin shuni a unguwarmu. Rigar amarya mai kumburarren hannu ta fito daga rini a saɓule kamar jemage ya jiƙe, ba ta sa ta ba. Da tsohon saƙin mahaifiyarmu aka kai ta, kuma, in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin amaryar da ta kai ta kyau ba, ko a mujallun Ikko.

Mutane suna dariya in na ba da labarin nan, ni ma ina taya su, amma kwana biyun da yarinyar nan ta yi tana kuka da ɗaurarrun hannu ba su taɓa barina ba. Ba ta taɓa goranta mani ba. Abin da kawai na lura, ta aurar da 'ya'ya biyar, kuma kowane karo sai an gama zaɓen atamfa ake tuna a gaya mani an sa rana. Jam'iyyar tsani da ta Alhaji duka sun mutu bayan 'yan shekaru da soja suka dawo, su kuwa ma'auratan suna nan da jikoki cike da gida. Aure irin wannan na kusa rushewa don in burge gari.

Yanzu jikata ke shirin nata, ita ce ma ta kawo mani mujallarku tana nuna mani shafin amare, wai in ba ta shawara a matsayina na tsohon tela. To ga shawarar, gare ta ita da duk amaryar da ke karantawa, da duk wani yaya ko kawu mai sabon littafi da rula. Kada ku ɓoye tsarin biki ga waɗanda suka riga ku aurarwa. Ku tambayi abin da gidan da za a kai yarinya ke so da abin da ba ya so, tun kafin a sa almakashi. Kuma kowace atamfa ce, komi kyanta a hannu, ku rataya ta a bango, ku kira gwaggonku ta tsaya kusa da ku, ku ja da baya taku goma.

Rigar amaryar nan tana nan a ƙasan akwatin ƙanwata, a cikin gidan Alhaji, Allah ya jiƙansa. Bara ta fito da ita tana shan iska a igiya, na shiga daga zaure na hango ta. Rini ya koɗe, Malam Edita. Tsanin ya fito. Muka dubi juna ni da ita, ta sauke ta ta ninke, ta ce in zauna ga fura.